Ranin da Inna Ta Ja Jigo

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan bayan zuwan ruwan kanal bai san rani ba, sunansa kawai yake ji. Yanzu in ka tsaya a bayan gidanmu, tun daga nan har inda ido ya ƙare ta wajen Bunkure kore ne shar, damina da rani. In an yanke shinkafa a sa alkama, in an kwashe alkama ga tumatir, ga albasa, ga masara. Ƙarar injin ban ruwa ce ke tashin mutum da safe, kafin hantsi adaidaita sun fara wucewa da kwanduna, injinan casa na ta ruri a bakin titi. Ni ma da shinkafar nan na ci abinci shekara da shekaru, ina turarawa ina shanyawa ana kaiwa Kura, har bayana ya ce ya gaji. Ba na raina ni'imar Allah. Amma a ƙuruciyarmu ba haka garin yake ba. Da an gama kaka an ɗaure dawa an zuba a rumbu, sai ƙasa ta yi fari fat. Maza su ɗaure ƙunshinsu su tafi cin rani, wasu birni dako, wasu kurmi, a bar gari da mata da tsofaffi da awaki. Abin da kunne ke ji a lokacin bai wuce lugude da sassafe ba, da waƙar niƙa, da guga yana bugun bakin rijiya, da mazarin kaɗi yana juyi in rana ta yi tsaka kowa ya shiga inuwa.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon zance kuwa fim ne. Babban ɗana, wanda ba na kama sunansa don ɗan fari ne, ya sa sola a gidan ya sayi talabijin. Wata Juma'a bayan la'asar matan unguwa suka cika tsakar gida, don an ce a bayan garinmu aka ɗauki fim ɗin, kuma labarin mutanen da ne, a wata shekarar yunwa. Aka shimfiɗa mini tabarma a gaba, kusa da ƙawata Talatu, wadda muka tashi tare tun muna ɗaura zane a ƙirji.

Da farko dariya muka sha. Mai gari ya fito da rawani tibi guda, amma ƙafarsa takalmin roba ne irin na shiga banɗaki. Wata ta zo ɗiban ruwa da tulu, tana riƙe da shi kamar an ba ta jaririn wani. Can bayan bukkoki turken wutar lantarki ya leƙo. Ni da Talatu har da riƙe ciki. Duk wannan bai dame ni ba. Sai aka nuno matar da labarin yake kanta. Mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba, rumbu ya ƙare. Aka nuno ta zaune a gindin tsamiya, zanenta wankakke, hannu ya sha lalle, tana kuka. A bayanta kuwa shinkafa ce kore har ƙarshen ido, ruwan kanal na walƙiya. Ta yi kuka a gindin tsamiya, ta koma ɗaki ta yi kuka, ta fito ƙofar gida ta yi kuka, har wani attajiri ya iso da jakuna ɗauke da buhuna ya ceci gari. Nan dariyata ta tsaya.

Da aka gama sai gardama ta tashi. Na ce wannan ba yunwar da muka gani ba ce, kuma waɗannan ba iyayenmu ba ne.

Ɗana ya ce, "Iya, fim ne fa, ba karatun tarihi ba. Nishaɗi ake nema. Su waɗannan yaran ina suka ga zamaninku?"

Matarsa ta ce ita dai ya taɓa mata zuciya, har hawaye ta yi, kuma ba ta ma lura da shinkafar ba sai da na faɗa. Talatu ta gyara ɗankwali ta ce, "Azumi, ki bar su. Ko waƙar niƙan nan da suka sa ta ishe ni. Rabona da jinta tun rasuwar gwaggona. Sun dai tuna da mu, ai sun yi ƙoƙari."

Sai jikata Ummi, wadda take koyarwa a firamaren garinmu, ta matso tana dariya irin ta jika da kaka. Ta ce, "Kaka, ashe yunwar taku ma da sauƙi. Ga shinkafa a bayan gida kuna cewa kun ci dusa. Kuma ashe matan da in miji ba ya nan sai a zauna a yi ta kuka?"

Wasa take yi, na sani. Amma na kalle ta na ga rabin maganar ta yarda da ita. Wannan kuwa ita ce ke tsayawa gaban aji guda na yara kullum, abin da ta ɗauka shi za ta zuba musu. Ni na ga Inna, mahaifiyata, da idona. Ummi ba ta gan ta ba, ba hoto, ba komai. In na mutu, matar gindin tsamiyar nan ita ce za ta zama Inna a wurinsu.

Ina da kamar shekara goma sha biyu lokacin da ruwa ya ɗauke dawa tana bunni, ba ta kai ga yin ƙwaya ba. Abin da muka girba bai kai rabin rumbu ba. Baba ya tafi kurmi tun kafin a gama sheƙar gero, ya ce da ya samu abin hannu zai aiko. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, shiru. Mu uku ya bari: Inna, da ni, da ƙanena, wanda bai daɗe da yaye ba. Muka fara cin tuwo sau ɗaya a yini. Daga nan aka koma gauraya gari da dusa, sai garin ɗorawa, sai busasshen ganyen tafasa da Inna ta ajiye tun damina. Lugude ya ragu a gari. Da can gida-gida kake jinsa, sai ya zama in an yi daka a gida ɗaya duk unguwa ta san wane gida ne.

A fadama, bakin rafi, akwai wani ɗan lambu na kakanmu da aka bari tun rasuwarsa, da tsohon jigonsa. Yaran yanzu ba su san jigo ba. Gwafa biyu ake kafawa, a gicciya itace a kansu, a ɗaure doguwar sanda a tsakiya. Gindin sandar a manna masa ƙaton curin laka, kanta kuma a rataya igiya da ƙwarya. Ka ja igiyar ƙasa ƙwarya ta nutse a rami, nauyin lakar ya taimaka maka ta taso, ka juye a kwata, ruwa ya bi ya shiga fangali. Haka za ka yi ta yi, ja, juye, ja, juye, tun rana ba ta fito ba. Aikin ƙarti ne. Kafin wannan ranin ban taɓa ganin mace a kansa ba.

Wata safiya Inna ta goya ƙanena, ta ɗauki fartanya, ta ce in biyo ta da masaki. Rafin ya ƙafe, sai da muka yi kwana uku muna yashe ramin kafin ruwa ya tsatso. Mahaifin Talatu, wanda lambunsa ke maƙwabtaka da namu, shi ya ɗaure mata sandar ya ba ta ragowar dashen albasarsa. Amma a gari an yi magana. Wan Baba ya zo har gida ya tsaya a zaure ya ce tana zubar musu da mutunci, matar aure a fadama cikin maza. Ina jin Inna daga bayan danga, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, in akwai dawa a rumbunka ka aiko, gobe ba zan fita ba." Bai aiko ba, don shi ma babu. Washegari muka fita.

Har yau in na rufe ido ina jin kukan jigon nan, ƙiiƙ in ya sauka, ƙiiƙ in ya tashi, sai ruwa ya ce shaa a kwata. Aikina shi ne bin ruwan da fartanya, in buɗe wa wannan fangali in toshe wancan. Tafin hannun Inna ya yi bororo, ya fashe, ta naɗe shi da tsumma ta ci gaba. In na ce na gaji sai ta ce, "Buɗe na gaba tukuna, sannan ki gaji." Ganyen albasar muka fara tsinka muna miya kafin ta yi kai. Ƙanena bai kai ga ganin kan albasar ba. Zawo ya kama shi, jikin kuwa da ma ba ƙarfi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Da albasa ta nuna muka riƙa ɗauka a ka zuwa kasuwar Bunkure muna dawowa da dawa. Da ita muka kai damina. Baba ya dawo da ruwan farko, a rame, ciwo ne ya kwantar da shi a can. Ya tsaya ya dubi lambun, ya dubi hannun Inna, ya zauna a kan kunyar fangali. Ni kuwa duk wanda na ba wannan labari sai na ƙara masa da cewa tun daga farkon ranin har ƙarshensa ban ga hawayen Inna ba.

Bayan kallon fim ɗin da 'yan makonni Ummi ta dawo daga makaranta ta ce masu fim sun dawo, za su ɗauki ci gaban labarin, suna can bakin kanal. Na ce ta miƙo mini mayafina da sandata.

Ɗana ya tare ni a zaure. "Iya, don Allah ki rufa mana asiri. Me za ki je ki ce musu?"

Na ce, "Abin da na gani. In kana jin kunya ka zauna."

Bai zauna ba. Ya biyo ni a baya, Ummi na gefena, muka biya muka ɗauki Talatu tana ta mita. Muka same su a gindin tsamiyar nan, jama'a sun kewaye su, yarinyar da ta fito a matsayin matar nan tana zaune an ɗiga mata wani abu a ido don hawaye. Ban san ana tsayawa a wani wuri ba, na ratsa kawai na shiga gaban kyamarar. Wani saurayi mai hular hana sallah ya daka tsawa, sai ya ga tsohuwa ce, ya cire hular ya rusuna. Shi ne daraktan.

Ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa. Don Allah ɗan matsa gefe kaɗan, aiki muke."

Na ce, "Ɗan nan, aikin naka ne ya kawo ni. Wace shekara kake nunawa?"

"Shekarar yunwa, Hajiya. Zamanin da."

"To waiwaya ka dubi bayan yarinyar nan."

Ya waiwaya ya ga shinkafa. Ya yi 'yar dariya ya sosa ƙeya. Ya ce sun sani, amma duk inda suka juya a ƙasar nan kore ne, kuma kwana biyu kacal gare su, motar haya ce, masu kallo ma ba su cika lura ba. Ya ce an yi ta yi musu surutu a waya kan takalmin mai gari, sun gyara wannan.

Na ce, "Bar takalmin, ko na ƙarfe ya sa ba ruwana. Ita wannan da ka zaunar, 'ya'yanta me suke ci tana kukan?"

Ya dubi yarinyar. Can ya ce, "Hajiya, mutane tausayi suke so. In ba ta yi kuka ba ba za su ji labarin ba."

Sai na ba shi labarin Inna, a tsaye, ina dogare da sanda, rana na dukanmu. Ban taƙaita ba. Tun yana duba agogo har ya daina. Yarinyar da ke wasan ta taso daga gindin tsamiyar ta zo ta tsaya kusa da ni, tana goge ido da bakin zane. Da na kai ƙarshe ita ce ta fara magana. Ta ce, "Darakta, ni dai wallahi na gaji da kukan nan. A ba ni jigon."

Ya ce ai ko ya yarda, ina za a samu jigo yanzu, kuma ina busasshiyar ƙasa? Na ce ya bar mini wannan. Akwai tudu a gabashin gari inda ruwan kanal bai taɓa hawa ba, da tsohon kududdufi a gindinsa. In ka juya wa gari baya ba abin da za ka gani sai fako da ƙaya. Jigo kuwa a kaina yake. Ɗana da ya ce in rufa masa asiri, shi ya saro gwafa da yammacin nan. Ni na nuna inda za a kafa, na sa aka kwaɓa laka aka sake kwaɓawa, don ta farko ta yi nauyi da yawa, ta fizge ƙwaryar sama ta watsa wa mai kyamara ruwan kududdufi. Aka ja fangali huɗu aka dasa albasa daga gonar ɗana.

Da safe muka koma. Na sa yarinyar ta wanke kwalliyar fuskarta, ta ɗaura tsohon zanena, aka naɗe mata hannu da tsumma. Ja goma ta yi ta fara haki. Na gyara mata tsayuwa, na nuna mata da ƙugu ake ja ba da kafaɗa ba. Na ce mata, "Kuma kada ki kuskura ki yi kuka. Inna ba ta yi kuka ba."

Talatu na zaune a kan buhu a gefe tana kallo. Sai na ji ta ce, "Ta yi."

Na juya. "Me kika ce?"

"Na ce ta yi kuka, Azumi. Ranar da aka binne ƙanenki. Ke an bar ki a gida wurin gwaggonki, ba ki gani ba. Ni na kai wa Babana fura lambu da azahar. Sai ga Innarku ta zo ita kaɗai, zanen goyon na ɗaure a bayanta ba kowa a ciki. Baba ya ce ta koma gida zai yi mata ban ruwan. Ta ce a'a, dashen bai yi ƙwari ba, in ya kwana bai sha ba ya mutu, kuma shi ma nasa na jiransa. Ta kama igiya. Tana ja tana kuka, da ƙarfi fa, har Baba ya bar nasa jigon ya koma can nesa ya ba ta baya. Sai da ta shayar da fangali na ƙarshe, ta wanke fuska a kwata, ta ce mini kada in faɗa miki."

Na ce, "Shekara nawa muna tare, Talatu, ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Ta ce, "Ta ce kada in faɗa. Amma yau kin zo kina gyara wa mutane labari, ga shi za a ɗauka duniya ta gani. Ba zan zauna a ɗauki rabi ba."

Ummi ta zaunar da ni. Na zo da ƙarfina in nuna wa yaro kuskurensa, ashe ni ma shekara da shekaru da nawa nake yawo. Na daɗe ina kallon jigon. Daraktan ya durƙusa a gabana ya ce, "Hajiya, ko mu bari sai an jima?"

Na ce, "A'a. Rana na yi. Ka ji abin da ta ce, haka za ka ɗauka. A ɗaura mata zanen goyo ba ɗa. Ta yi kukanta, amma kada hannunta ya bar igiyar."

Haka aka ɗauka. Ba a ɗiga mata komai a ido ba. Ni ban iya kallo ba, ƙasa na duba, kukan jigon kawai nake ji.

Da fim ɗin ya fito muka sake cika tsakar gida. Wurin jigon bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba, kuma sun ɗora masa wani kiɗa da ya danne kukan sandar. Attajirin da jakunansa suna nan ba a cire su ba. A wani wurin ma shinkafar ta sake leƙowa. Ɗana har yanzu yana kan bakansa cewa fim nishaɗi ne, ko da yake duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa wurin ya ce shi ya saro gwafar. Matarsa ta ce na farkon ya fi daɗin waƙa. Ni ban ce kowa ya bar ra'ayinsa ba. A yi kuskuren hula, a yi na takalmi, wanda ya sani ya yi dariya ya wuce. Amma abin da mutane suka yi da hannunsu har 'ya'yansu suka rayu, wannan in an canza shi ba mai dariya, don waɗanda suka sani sun kusa ƙarewa.

Na ƙirga mu, waɗanda suka ga ranin nan da hankalinsu kuma suke garin har yanzu. Mu huɗu ne, ɗaya ma kunnenta ya yi nauyi. Na ce wa Ummi ta samo sabon littafin rubutu, ranar Asabar da ba makaranta ta zo da shi da hantsi.

Ta ce, "To Kaka, ke za ki riƙa faɗa ina rubutawa?"

Na ce, "Ba ni kaɗai ba. Ki biya ki taho da su duka ukun, ko a adaidaita ne. Talatu kuma ki zaunar da ita kusa da ni, inda za ta ji duk abin da na faɗa."